Ceton zomayen gida

Ceton zomayen gida aiki ne na karɓar zomayen da masu su suka yasar, ko suka kasa riƙewa, ko aka ƙwace daga hannun masu wulaƙanta su, a yi musu magani, a dandaƙe su, sannan a nema musu sabon gida. Aikin ya fi ƙarfi a Amurka da Birtaniya da Kanada da wasu ƙasashen Turai, inda ake ajiye zomo a cikin ɗaki kamar yadda ake ajiye kyanwa, ba don nama ba. Yawancin masu yin sa 'yan sa-kai ne da ƙungiyoyin jin ƙan dabbobi. Babban abin da ya bambanta shi da ceton karnuka da kyanwoyi shi ne batun likita. Jikin zomo ya saɓa da na waɗancan dabbobi ta hanyoyi da yawa, har maganin da ke warkar da kare yana iya kashe zomo. Saboda haka ne ƙungiyoyin ceto suke ɗaukar neman likitan dabbobi da ya san zomo a matsayin rabin aikinsu.

Suna da asali

Kalmar zomo a Hausa ta haɗa dabbobi biyu da masana suka raba. Zomon dajin da mafarauta suka sani a ƙasar Hausa na dangin Lepus ne. Ba ya haƙa rami, kuma 'ya'yansa kan zo duniya da gashi, idonsu a buɗe. Zomon gida kuwa ya samo asali ne daga zomon Turai, mai sunan kimiyya Oryctolagus cuniculus, wanda asalinsa yankin Sifaniya da Fotugal ne. Shi yana zama a ramuka cikin jama'a, 'ya'yansa kuma ana haifar su babu gashi, ido a rufe. Duk jinsunan zomayen gida, manya da ƙanana, masu tsayayyen kunne da masu faɗaɗɗen kunne, daga wannan zomo na Turai suka fito. Idan ya sami kulawa, zomon gida yakan yi shekara 8 zuwa 12.

Tarihi

An daɗe ana kiwon zomo a Turai domin nama da fata. A ƙarni na 19 aka fara kiwonsa don sha'awa da baje koli, musamman a Ingila, amma wurinsa bai wuce keji a bayan gida ba. Sauyin ya zo ne a shekarun 1980 a jihar Kalifoniya. A shekarar 1985 wata mata mai suna Marinell Harriman ta wallafa littafin House Rabbit Handbook, wanda ya nuna cewa zomo yana iya zama sake a cikin gida, yana kuma koyon yin bahaya a wuri ɗaya. A 1988 ita da wasu abokan aikinta suka kafa ƙungiyar House Rabbit Society domin karɓar zomayen da za a kashe a gidajen ajiye dabbobi na hukuma. Ƙungiyar tana da hedikwata a garin Richmond na Kalifoniya, da rassa a jihohi da dama.

A Birtaniya akwai ƙungiyar Rabbit Welfare Association and Fund, wadda ta fi mayar da hankali ga wayar da kai da ilmantar da likitoci. Ta yi fice wajen yaƙi da ajiye zomo a ƙaramin keji, kuma shawararta ita ce zomaye biyu su sami wuri mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, tsayin mita 1 a ƙalla. Ƙungiyoyin biyu duka suna fitar da jerin sunayen likitocin da suka san zomo, domin tun farko sun ga cewa ceto ba ya da amfani idan zomon zai mutu a hannun likitan da bai ƙware a kansa ba.

Dalilan yasar da zomaye

Dalili na farko shi ne saye ba tare da shiri ba. A ƙasashen Yamma zomo alama ce ta bikin Ista, iyaye da yawa kuma sukan sayi ɗan zomo su ba yara kyauta a lokacin. Bayan 'yan watanni zomon ya balaga, halinsa ya sauya: yana fesa fitsari, yana cizo, yana tauna wayoyin lantarki da kujeru. Yaron da aka saya wa ya gaji da shi, iyaye kuma ba su yi zaton abin zai kai shekara goma ba. Wannan ne ya sa reshen House Rabbit Society na birnin Columbus a jihar Ohio ya fara gangamin Make Mine Chocolate a 2002, yana kira ga iyaye su sayi zomon cakulan maimakon mai rai.

Dalili na biyu shi ne yawan haihuwa. Zomo yana balaga tun yana wata 4 zuwa 6. Cikin zomanya bai wuce kwana 31 ba a galibi, kuma tana iya ɗaukar wani cikin washegarin haihuwa. Bambance namiji da mace a ƙananan zomaye yana da wuya, don haka mutum yakan sayi biyu da sunan mata ne, ya wayi gari da gida cike da 'ya'ya.

Sauran dalilan sun haɗa da tsadar magani, ƙaura zuwa gidan hayar da aka hana dabbobi, da rashin lafiyar mai zomon. Wasu kan kai shi gidan ajiye dabbobi. Wasu kuma su sake shi a lambu ko bakin daji, da tunanin sun ba shi 'yanci. Zomon gida bai iya rayuwar daji ba. Launinsa fari ko dabbare-dabbare yana tona shi ga karnuka da shaho da mujiya, ga motoci, ga yunwa da cuta. Inda 'yan kaɗan suka tsira, sukan hayayyafa su zama fitina. Haka ya faru a harabar Jami'ar Victoria da ke yammacin Kanada, inda zomayen da aka yasar suka cika filaye, har jami'ar ta kwashe su tsakanin 2010 da 2011, aka kai da yawansu wuraren ajiya na masu ceto.

Yadda ake ceto

Matakin farko shi ne tabbatar da cewa zomon na gida ne. A Amurka mutane kan tsinci 'ya'yan zomon daji na dangin Sylvilagus a cikin ciyawa, su ɗauka marayu ne. Ba marayu ba ne. Uwarsu tana zuwa shayar da su sau ɗaya ko biyu ne kawai a yini, da asuba ko da almuru, domin kada ta ja hankalin maƙiya zuwa wurin. Shawarar masana ita ce a bar su inda suke, idan kuma sun ji rauni a miƙa su ga masu lasisin kula da namun daji. Zomon gida ana gane shi da launi, ko faɗaɗɗen kunne, ko girman jiki, ko kuma yadda yake barin mutum ya matso kusa.

Ba a kama zomo da gudu. Masu ceto kan kewaye wurin da shingen waya mai naɗewa, su sa abinci mai ƙamshi kamar ayaba, mutane biyu ko uku su kora shi a hankali har ya shiga. Wajen ɗauka, hannu ɗaya yana ƙarƙashin ƙirji, ɗayan yana tallafe da ƙugu. Ba a ɗaukarsa ta kunne. Ƙashin zomo ba shi da nauyi, ƙafafunsa na baya kuma suna da ƙarfi ƙwarai, don haka idan ya yi harbi a iska yana iya karya ƙashin bayansa.

Daga nan sai a keɓe shi daga sauran zomaye na mako biyu ko fiye, likita ya duba shi, a ga ko akwai wata 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fatarsa da za ta nuna mai shi. Idan mace ce, ana ɗauka tana da ciki har sai an tabbatar babu. Yawancin ƙungiyoyi ba su da babban gini, sai dai su rarraba zomayen a gidajen 'yan sa-kai su riƙe su. A gidan riƙo ne ake gane halin kowane zomo, a koya masa wurin bahaya, a mayar da shi kan abincin da ya dace. Kafin a ba wani shi, ana yi wa mutumin tambayoyi game da wurin da ya tanada da likitan da zai riƙa zuwa, sau da yawa kuma yakan sa hannu cewa zai dawo da zomon ga ƙungiyar idan ya kasa. Da yake zomo dabba ce mai son zama da ɗan'uwansa, ana son a ba da su biyu-biyu. Haɗa baƙin zomaye biyu aiki ne na kwanaki ko makonni, ana yin sa a wurin da babu wanda ya saba da shi a cikinsu, domin faɗansu yana iya kaiwa ga mummunan rauni.

Abin da ya sa ba kowane likita ne ya dace ba

A makarantun koyon likitancin dabbobi na ƙasashe da yawa, karatun ya fi karkata ga karnuka da kyanwoyi da dawaki da dabbobin kiwo. Zomo yana shiga rukunin dabbobin da ba a saba gani ba, tare da tsuntsaye da macizai, duk da yawansa a gidaje. Likita yana iya zama gwani a kan kare amma bai taɓa yi wa zomo tiyata ba. Wuraren da kuskure ya fi faruwa su ne kamar haka.

Ciki da hanji. Zomo yana da wata babbar jaka a mahaɗar ƙaramin hanji da babban hanji, cike da bakteriya masu amfani da ke narka ciyawa. Daga nan yake fitar da wani irin kashi mai laushi, ya sake cinye shi domin ya sami abin gina jiki da ke ciki. Wannan ba cuta ba ce. Hanjinsa yana buƙatar abinci yana wucewa a kowane lokaci, shi ya sa mafi yawan abincinsa ya kamata ya zama ingirici da ciyawa, da ɗan ganye, karas da 'ya'yan itace kuwa kaɗan kawai. Idan ciwo ko tsoro ko rashin ciyawa ya hana shi ci, hanjin yakan tsaya, iska ta taru, hanta ta fara lalacewa. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba, ko bai yi kashi ba, yana buƙatar likita nan take, ba a jira gobe.

Magungunan kashe bakteriya. Wasu magungunan da ake ba kare da kyanwa kullum, irin su amoxicillin da ampicillin da clindamycin da lincomycin, idan aka ba zomo ta baki suna kashe bakteriyan hanjinsa masu amfani. Sai wasu miyagu na dangin Clostridium su yi yawa, su saki guba, zawo ya biyo baya, sau da yawa har mutuwa. Likitan da ya sani yakan zaɓi irin su enrofloxacin ko haɗin trimethoprim da sulfa. Ana amfani da fenisilin ta allura a wasu cututtuka, amma bisa kulawar likita. Haka kuma maganin ƙuma mai ɗauke da fipronil, wanda ake sayarwa da sunan Frontline, guba ne ga zomo.

Tiyata da maganin sa barci. Ana hana kare abinci kafin tiyata domin kada ya yi amai. Zomo ba ya iya amai, kuma hana shi abinci na dare guda yana jefa hanjinsa cikin haɗari. Bakinsa ƙarami ne, maƙogwaronsa a can ciki, don haka sa masa bututun numfashi yana buƙatar ƙwarewa. Jikinsa kuma yana saurin yin sanyi a kan teburin tiyata. Wani babban bincike da David Brodbelt da abokan aikinsa suka wallafa a Birtaniya a 2008 ya nuna cewa kashi 1.39 cikin 100 na zomayen da aka sa wa maganin barci sun mutu, alhali a karnuka kashi 0.17 ne, a kyanwoyi kashi 0.24. Yawancin mace-macen sun faru ne bayan an gama tiyata, abin da ya nuna muhimmancin ɗumama zomon, da ba shi maganin rage ciwo, da tabbatar da ya koma cin abinci.

Haƙora. Zomo yana da haƙora 28, dukkansu kuma suna girma har ƙarshen rayuwarsa. Tauna ciyawa ce ke goge su. Idan ya rasa ta, turamen haƙoransa kan yi tsini su yanki harshe ko kumatu, ya daina ci, miyau ya jiƙa masa haɓa. Ba a ganin turamen sai da na'ura, wani lokaci sai an sa shi barci. Datse haƙoran gaba da abin yanke farce yana tsaga su har cikin saiwa, don haka likitocin da suka sani suna amfani da na'urar goge haƙori.

Maruru. Mugunyar zomo tana da kauri kamar cuku, ba ta kwarara idan an huda. Galibi sai an fiɗe an cire marurun gaba ɗaya.

Ɓoye ciwo. Da yake zomo abin farauta ne a daji, yana ɓoye rashin lafiyarsa har sai ta yi tsanani. Alamomin ba su da yawa: ya takure wuri ɗaya, ya riƙa cizon haƙora da ƙarfi, kashinsa ya ƙanƙance. Jiran layi kusa da karnuka masu haushi ma yana ƙara masa tsoro, shi ya sa asibitocin da suka damu da zomo suke ware masa wuri.

Zaɓen likita

Ƙungiyoyin ceto suna ba da shawarar a nemi likita tun zomon yana lafiya, a kuma san asibitin da ke buɗe da dare. Ana fara dubawa a jerin sunayen da House Rabbit Society da Rabbit Welfare Association and Fund suke fitarwa. Ta Birtaniyar tana tantance asibitoci, ta ba su matsayin azurfa ko na zinariya. Akwai kuma ƙungiyar likitoci ta Association of Exotic Mammal Veterinarians, wadda mambobinta suka mayar da hankali ga zomaye da ire-irensu. Inda babu irin wannan jeri, asibitin koyarwa na jami'ar da ke da tsangayar likitancin dabbobi yakan zama mafita, ko a tambayi likitocin gari wa suke tura wa zomo idan abin ya fi ƙarfinsu.

Tambayoyin da aka fi yi wa likita su ne: zomaye nawa yake gani a wata, sau nawa ya cire wa zomanya mahaifa kuma nawa suka mutu, waɗanne magunguna ne ba ya ba zomo ta baki, ko yana hana zomo abinci kafin tiyata, wane maganin rage ciwo yake bayarwa bayan tiyata, kuma yaya yake duba turamen haƙora. Likitan da ya ce a hana zomo abinci tun dare, ko ya rubuta amoxicillin na sha, ya nuna bai san dabbar ba. Wanda ya ce bai ƙware ba amma zai tura ga wanda ya sani, masu ceto sun fi amincewa da shi.

Dandaƙa da cire mahaifa

Kusan duk ƙungiyoyin ceto ba sa ba da zomo sai an dandaƙe shi ko an cire mata mahaifa. Ban da hana haihuwa, aikin yana rage faɗa da fesa fitsari, wato halayen da suka sa aka yasar da shi tun farko. Ga mace akwai dalili mafi girma: ciwon dajin mahaifa shi ne dajin da ya fi kama zomanya, kuma haɗarinsa yana ƙaruwa sosai bayan ta wuce shekara 3 zuwa 4. Ana yi wa mace tiyatar tana wata 4 zuwa 6, namiji kuwa da zarar 'ya'yan marainansa sun sauko. Namijin da aka dandaƙe yana iya yi wa mace ciki har mako 4 zuwa 6 bayan tiyata, don haka ana raba su a wannan tsakani.

Cututtuka da rigakafi

Cututtuka biyu na ƙwayar bairas ne suka fi tayar wa masu ceto hankali. Ta farko ita ce myxomatosis, wadda sauro da ƙuma ke yaɗawa, tana kumbura ido da fuska da al'aura. An sake ta da gangan a Ostareliya a 1950 domin rage zomayen da suka addabi gonaki, ta shiga Faransa a 1952, ta isa Birtaniya a 1953. Ta biyu ita ce cutar zubar jini ta zomaye, wadda aka fara gani a ƙasar Sin a 1984. Tana lalata hanta, zomo yakan mutu farat ɗaya, wani lokaci da jini a hanci. Sabon nau'inta, RHDV2, ya ɓulla a Faransa a 2010, ya bazu a kudu maso yammacin Amurka a 2020, a wannan shekarar kuma aka ba da rahotonsa a gonakin zomaye a Najeriya. Ƙwayar tana daɗewa a kan keji da takalmi da ciyawa, shi ya sa keɓewa take da muhimmanci a wurin da zomaye ke shiga da fita.

A Birtaniya da Turai akwai allura ɗaya, Nobivac Myxo-RHD Plus, da ake yi sau ɗaya a shekara domin cututtukan duka. A Amurka Ma'aikatar Noma ta ba da izinin gaggawa ga rigakafin RHDV2 na kamfanin Medgene a 2021. A Ostareliya ba a yarda da rigakafin myxomatosis ba, don gudun kada kariyar ta kai ga zomayen daji.

Sauran matsalolin da ake yawan gani a zomayen da aka ceto sun haɗa da majina da atishawa daga bakteriyan Pasteurella multocida, da karkacewar kai da ciwon kunne ko ƙwayar Encephalitozoon cuniculi ke jawowa, da ƙazuwar kunne, da tsutsar ƙuda da ke cin naman zomon da bayansa ya ɓaci da kashi a lokacin zafi. Zafi kansa maƙiyi ne: zomo ba ya gumi, ta kunnuwa yake fitar da zafin jiki, kuma idan yanayi ya haura digiri 30 a ma'aunin Selshiyos yana cikin haɗari.

Dokoki

A Ingila da Wales, dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba alhakin ba ta wurin zama da abincin da suka dace, da damar yin halinta na asali, da abokin zama idan tana buƙata, da kariya daga ciwo da cuta. Jihar Kalifoniya ta hana shagunan dabbobi sayar da karnuka da kyanwoyi da zomayen da aka kiwata don kasuwa tun daga Janairun 2019, jihar New York ma ta bi sahu a Disambar 2024. A jihar Queensland ta Ostareliya kuwa ajiye zomo a gida laifi ne, sai da izini na musamman. Tushen wannan tsauri shi ne ɓarnar da zomayen Turai suka yi wa ƙasar bayan Thomas Austin ya saki wasu a gonarsa da ke jihar Victoria a 1859.

Ƙalubale

Babbar matsalar masu ceto ita ce kuɗi da wuri. Tiyatar zomo ta fi kuɗin sayensa nesa ba kusa ba, kuma likitocin da suka ƙware sun taru ne a manyan birane, mai zomo a ƙauye sai ya yi doguwar tafiya. Gidajen riƙo kan cika, musamman a watannin da ke bin bikin Ista, ko idan hukuma ta ƙwato zomaye masu yawa daga gida ɗaya. Akwai kuma saɓani tsakanin masu aikin. Ƙungiyoyin Amurka sun fi son zomo ya zauna a cikin ɗaki, na Birtaniya kuwa sun yarda da zama a waje idan wurin yana da faɗi da tsaro. A kan zomayen da suka hayayyafa a filayen gari ma ra'ayi ya rabu: hukumomi kan so a kawar da su saboda ɓarna, masu ceto kuma su nemi a kama su, a dandaƙe, a kai su wurin ajiya.